Dokokin giya, caca da tsere a jihar New South Wales

Dokokin giya, caca da tsere a New South Wales su ne dokoki da hukumomin da gwamnatin wannan jiha ta ƙasar Ostareliya take amfani da su wajen ba da lasisin sayar da barasa, sa ido kan caca, da kula da tseren dawaki da na karnuka. New South Wales ita ce jihar da ta fi kowace yawan jama'a a ƙasar, tana da mutane sama da miliyan 8, kuma babban birninta shi ne Sydney. Ana haɗa waɗannan fannoni uku wuri guda saboda sun cuɗanya: yawancin na'urorin caca suna cikin mashaya da kulob-kulob masu lasisin giya, shi kuma tsere yana rayuwa ne da kuɗin da ake zubawa a caca.

Gwamnatin jihar tana riƙe da matsayi biyu da ba sa jituwa cikin sauƙi. Ita ce mai alhakin rage ɓarnar da giya da caca ke jawowa, ita ce kuma mai karɓar haraji mai yawa daga gare su. A tarihin jihar, akasarin tsaurara doka ya zo ne bayan tarzoma, kisa ko wata badaƙala da ta fito fili, sassauci kuma yakan biyo baya idan 'yan kasuwa ko masu zaɓe suka matsa lamba.

Rabon iko tsakanin jiha da tarayya

Tsarin mulkin Ostareliya na 1901 ya lissafa abubuwan da ke hannun gwamnatin tarayya, ya bar sauran ga jihohi. Lasisin giya, caca da tsere ba sa cikin jerin na tarayya, don haka kowace jiha take da nata dokokin. Duk da haka tarayya tana da hannu ta wasu hanyoyi. Ita ce ke karɓar harajin sarrafa barasa, ita ce ta kafa dokar cacar intanet ta 2001 wadda ta hana kamfanoni buɗe wa mazauna ƙasar gidajen caca na intanet, kuma hukumarta mai suna AUSTRAC ce ke bin sawun masu halasta kuɗin haram.

Tarihi

Zamanin mulkin mallaka

Turawan Birtaniya sun kafa New South Wales a 1788 a matsayin wurin kai fursunoni. Saboda ƙarancin tsabar kuɗi, barasar da ake kira ram ta zama abin biyan lada da musayar kaya, kuma hafsoshin soja ne suka mamaye cinikinta. Gwamna William Bligh ya yi ƙoƙarin hana wannan ciniki, abin da yake cikin dalilan da suka sa sojoji suka tuɓe shi a ranar 26 ga Janairu, 1808. Magajinsa, Lachlan Macquarie, ya bi wata hanya dabam. A 1810 ya ba wasu 'yan kwangila ikon shigo da galan 45,000 na ram su kaɗai, su kuma su gina wa Sydney asibiti. An kammala ginin a 1816, kuma wani ɓangarensa yana cikin ginin majalisar dokokin jihar har yanzu. A shekarar 1810 ɗin ce kuma aka yi taron tseren dawaki na farko da hukuma ta amince da shi, a filin Hyde Park.

Rufe mashaya da ƙarfe shida

A watan Fabrairun 1916, ana tsakiyar Yaƙin Duniya na Farko, dubban sojoji masu karɓar horo a kusa da garin Liverpool na jihar suka yi bore, suka fasa mashaya, sannan suka shiga jirgin ƙasa zuwa Sydney inda tarzomar ta ci gaba. Ƙungiyoyin yaƙi da shan giya sun daɗe suna neman a rage lokacin sayarwa, wannan lamari kuma ya ƙarfafa musu gwiwa. A ƙuri'ar raba gardama ta watan Yunin 1916 jama'a suka zaɓi a riƙa rufe mashaya da ƙarfe 6 na yamma.

Dokar ta haifar da abin da ba a nufa ba. Ma'aikata kan tashi aiki da ƙarfe 5, su cika mashaya, su yi ta sha da gaggawa kafin a rufe. Sayar da giya a ɓoye ya bunƙasa, tare da cin hancin da ke rufa masa asiri. Masu zaɓe sun sake amincewa da dokar a 1947, amma a ƙuri'ar 1954 suka zaɓi ƙarfe 10 na dare da ƙaramar rata, aka fara aiki da sabon lokacin a watan Fabrairun 1955.

Halatta caca mataki-mataki

Gwamnatin jihar ta fara gudanar da cacar reful a 1931, lokacin matsin tattalin arzikin duniya, don samar wa asibitoci kuɗi. Daga 1957 aka buɗe wani reful na musamman wanda ya ɗauki mafi yawan nauyin gina shahararren gidan wasan Opera na Sydney. A 1956 aka halatta na'urorin caca a kulob-kulob masu rajista. A 1964, bayan wani kwamitin bincike ya duba yadda dillalan caca na ɓoye suka yaɗu, aka kafa hukumar TAB domin mutane su iya sa kuɗi a kan tsere ba tare da zuwa filin ba. An sayar da TAB ga 'yan kasuwa a 1998. Gidan caca na farko mai lasisi ya buɗe a Sydney a 1995, ya koma mazauninsa na dindindin a unguwar Pyrmont a 1997, kuma a yau ana kiransa The Star. A 1997 ne kuma aka yarda mashaya su ajiye irin na'urorin da a da kulob-kulob kaɗai ke da su.

Hukumomi

Liquor & Gaming NSW sashe ne na gwamnati da aka kafa a 2016 a madadin tsohon ofishin giya, caca da tsere. Shi ne ke karɓar takardun neman lasisi, yana tura sufetoci, yana kuma ba minista shawara kan manufofi.

Independent Liquor and Gaming Authority, wadda ake taƙaitawa ILGA, hukuma ce mai zaman kanta da ke yanke hukunci kan manyan buƙatun lasisi, kamar buɗe sabuwar mashaya ko ƙara yawan na'urorin caca, tana kuma ladabtar da masu lasisi.

NSW Independent Casino Commission an kafa ta a watan Satumban 2022, kuma aikinta kula da gidajen caca biyu na jihar ne kawai.

Tsere yana da nasa hukumomin: Racing NSW ga dawakin sukuwa, Harness Racing NSW ga dawakin da ke jan ƙaramin keke mai ƙafa biyu, sai Greyhound Racing NSW da Greyhound Welfare and Integrity Commission ga tseren karnuka. 'Yan sandan jihar suna da jami'ai na musamman masu duba wuraren da ke da lasisi, ƙananan hukumomi kuma su ne ke ba da izinin gini da amfani da fili.

Lasisin giya

Babbar dokar ita ce Dokar Giya ta 2007, wadda ta fara aiki a ranar 1 ga Yuli, 2008. Ta soke tsohuwar kotun lasisi, ta mayar da aikin hannun hukumar gudanarwa. Dokar ta tanadi lasisi iri-iri: na otal, na kulob, na ƙaramar mashaya, na gidan abinci da makamantansa, na shagon da ake saya a tafi da ita gida, na masu sarrafawa da dillalai, da kuma na wucin gadi domin biki ko taro. A Ostareliya kalmar otal a wannan fage tana nufin mashaya, ko da babu ɗakin kwana a cikinta. Kulob kuwa ƙungiya ce ta mambobi wadda ba a kafa ta don raba riba ba, kamar ta tsofaffin sojoji, ta ma'aikata ko ta 'yan wasan rugbi.

Mai neman lasisin otal, kulob ko shago dole ne ya sanar da maƙwabta, 'yan sanda da ƙaramar hukuma, kuma hukumar ba za ta amince ba sai ta gamsu cewa wurin ba zai cutar da jama'ar unguwar ba. Duk wanda zai sayar da giya ko ya miƙa ta ga mai saye sai ya yi kwas ya sami takardar shaida da ake kira RSA. Laifi ne a sayar wa wanda bai kai shekara 18 ba, ko wanda ya riga ya bugu. Hukuncin sayar wa ƙaramin yaro yana iya kaiwa tarar dalar Ostareliya 11,000, ko ɗaurin wata 12, ko duka biyun. Kuɗin lasisi na shekara yana ƙaruwa gwargwadon haɗari, wato wurin da ke kaiwa tsakar dare ko wanda aka taɓa kamawa da laifi yana biyan fiye da sauran.

Dokar hana shiga ta 2014

A 2008 aka taƙaita lokacin mashaya a tsakiyar birnin Newcastle, kuma binciken da masana jami'ar birnin suka yi ya nuna faɗace-faɗacen dare sun ragu da kimanin kashi ɗaya cikin uku. Bayan mutuwar samari biyu 'yan shekara 18, Thomas Kelly a 2012 da Daniel Christie a farkon 2014, waɗanda kowannensu aka kai wa naushi a unguwar Kings Cross, gwamnatin Firimiya Barry O'Farrell ta ɗauki irin wannan mataki a Sydney. Daga watan Fabrairun 2014, a Kings Cross da tsakiyar birnin, aka hana sabon mutum shiga mashaya bayan ƙarfe 1:30 na dare, aka kuma hana sayar da giya bayan ƙarfe 3. Shagunan giya a duk faɗin jihar aka ce su rufe da ƙarfe 10.

Likitocin asibitin St Vincent's, wanda ke kusa da Kings Cross, sun goyi bayan dokar saboda raguwar masu zuwa da munanan raunuka. Ofishin ƙididdigar laifuka na jihar ya gano cewa cikin shekara biyar hare-hare sun ragu da kusan rabi a Kings Cross, sun ragu kaɗan a tsakiyar birni, amma sun ƙaru a wasu unguwannin da ke kewaye. Masu adawa, ciki har da mawaƙa da masu gidajen rawa da suka taru a ƙarƙashin gangamin Keep Sydney Open, sun ce dokar ta kashe harkokin dare da ayyukan yi. Sun kuma nuna cewa gidan caca na The Star yana wajen iyakar da aka shata. An ɗan sassauta dokar bayan nazarin tsohon alƙali Ian Callinan a 2016, aka ɗage ta a tsakiyar birni a watan Janairun 2020, sannan a Kings Cross a watan Maris na 2021.

Na'urorin caca

Na'urar caca, wadda mutanen ƙasar ke kira pokies, akwati ce mai allo da ake saka wa kuɗi a danna maɓalli, kwamfutar da ke ciki ta fitar da sakamako bisa sa'a. New South Wales tana da irinsu sama da 85,000 a kulob-kulob da mashaya, kusan rabin duk na ƙasar. Abin da ya bambanta jihar da yawancin sassan duniya shi ne na'urorin suna cikin unguwanni da ƙananan garuruwa, ba a gidajen caca kaɗai ba. Jihar Yammacin Ostareliya, alal misali, ba ta yarda da su a mashaya ko kulob ba.

Dokar Na'urorin Caca ta 2001 ce ke tsara su. Kowace na'ura tana buƙatar izini, kuma akwai iyakar yawan izini a jihar baki ɗaya. Mashaya ɗaya ba ta wuce na'ura 30, amma manyan kulob-kulob suna da ɗaruruwa. Ana iya sayar da izini daga wuri zuwa wuri, sai dai gwamnati tana soke wani kaso a yawancin cinikin da aka yi domin adadin ya riƙa raguwa. An kasa yankunan jihar gida uku gwargwadon haɗari, kuma ƙara na'ura a yankin da ya fi talauci da yawan na'urori ya fi wuya. Mafi yawan abin da za a sa a dannawa ɗaya dala 10 ne. Doka ta ce na'ura ta mayar wa 'yan caca aƙalla kashi 85 cikin 100 na kuɗin da aka zuba, amma ana lissafa wannan ne a kan miliyoyin dannawa, don haka mutum ɗaya yana iya rasa duk abin da ya zo da shi a zama guda. Ana kashe na'urorin na awa shida a kullum, galibi daga ƙarfe 4 na asuba zuwa 10 na safe, ko da yake wasu wurare sun sami sassauci.

A 2023 mutanen jihar sun yi asarar sama da dalar Ostareliya biliyan 8 a waɗannan na'urori. Asarar ta fi yawa a yammacin Sydney, musamman a ƙananan hukumomin Canterbury-Bankstown da Fairfield, inda masu ƙaramin ƙarfi da baƙin haure na halal suke da yawa. Gwamnati tana karɓar haraji daga ribar, mashaya kuma suna biyan kaso mafi girma fiye da kulob-kulob. A ƙarƙashin shirin ClubGRANTS, manyan kulob-kulob suna samun rangwamen haraji idan suka ba da wani kaso na ribar ga wasanni da ayyukan jama'a. Kulob-kulob suna kafa hujja da wannan wajen kare kansu, masu suka kuma suna cewa abin da ake bayarwa bai kai ko kusa da abin da iyalai ke rasawa ba.

A watan Oktoban 2022 Hukumar Yaƙi da Manyan Laifuka ta jihar ta fitar da rahoto cewa ana zuba biliyoyin daloli na kuɗin haram a na'urorin, ta ba da shawarar a tilasta amfani da kati mai ɗauke da sunan mai shi a maimakon tsabar kuɗi. Firimiya Dominic Perrottet ya yi alƙawarin aiwatar da hakan, ƙungiyar ClubsNSW ta yi adawa, kuma gwamnatinsa ta faɗi zaɓen Maris na 2023. Gwamnatin Chris Minns ta jam'iyyar Labor ta zaɓi yin gwaji tukuna. Ta rage kuɗin da za a iya cusa wa sabuwar na'ura daga dala 5,000 zuwa 500, ta hana allunan talla a wajen gini, ta kuma hana kulob-kulob masu na'urori ba jam'iyyu gudummawa.

Gidajen caca

Dokar Kula da Gidajen Caca ta 1992 ta ce sai kamfanin da aka tabbatar da amincinsa ne zai riƙe lasisi. Shekaru da yawa The Star ne kaɗai a jihar, har aka ba kamfanin Crown Resorts lasisi na biyu a Barangaroo, ba tare da na'urorin caca ba. Kafin ya buɗe, binciken tsohuwar alƙaliya Patricia Bergin ya kammala a watan Fabrairun 2021 cewa Crown bai cancanta ba, saboda an halasta kuɗin haram ta asusunsa kuma ya yi hulɗa da dillalan kawo manyan 'yan caca masu alaƙa da ƙungiyoyin miyagu. Bayan sauya shugabanni da sayar da kamfanin ga Blackstone na Amurka, aka ba shi izini na sharaɗi a 2022.

A watan Satumban 2022 binciken lauya Adam Bell ya sami The Star da makamantan laifuka, ciki har da ɓoye wa banki cewa kuɗin da ake cira da katin China UnionPay na caca ne. Sabuwar hukumar gidajen caca ta ci shi tarar dala miliyan 100, ta dakatar da lasisinsa, ta naɗa manaja daga waje. Ba a rufe gidan ba, kuma hukumar ta ambaci dubban ma'aikatansa a cikin dalilanta. A duka badaƙalolin biyu, rahotannin 'yan jarida ne suka fara tona asiri kafin hukumomi su buɗe bincike.

Tsere

Tseren dawaki

Ƙungiyar Australian Jockey Club, wadda aka kafa a 1842, ita ce ta daɗe tana riƙe da ragamar tseren dawaki. Dokar 1996 ta miƙa ikon ga hukumar da yanzu ake kira Racing NSW. Hukumar tana ba mahaya, masu horarwa da dillalan caca lasisi, tana tsara ranakun tsere, alƙalanta kuma suna gwada dawaki don gano ƙwayoyin ƙara kuzari. Manyan filayen Sydney su ne Randwick da Rosehill. Tseren The Everest, wanda aka fara a Randwick a 2017, ladansa ya kai dala miliyan 20. A 2018 an yi zanga-zanga lokacin da gwamnati ta ba da umarnin haska tallarsa a jikin gidan Opera.

Kuɗin tafiyar da tsere yana zuwa ne daga caca. A tsarin TAB na asali ana tara kuɗin duk masu sa hannu wuri guda, a cire kason kamfani, na gwamnati da na harkar tsere, a raba sauran ga waɗanda suka ci. Da caca ta koma intanet, kamfanoni da yawa suka karɓi lasisi a Yankin Arewa na ƙasar inda haraji ke da sauƙi, suna kuma karɓar kuɗin mutanen New South Wales. Jihar ta mayar da martani ta hanya biyu. Ta sa kamfanonin biyan kuɗi kafin su yi amfani da jerin sunayen dawakin da za su yi tsere, kuma Babbar Kotun ƙasar ta tabbatar da halaccin hakan a 2012 a ƙarar da Betfair da Sportsbet suka shigar. Sannan daga Janairun 2019 ta sa harajin kashi 10 cikin 100 a kan ribar da aka samu daga mazauna jihar ko ina kamfanin yake, ta ɗaga shi zuwa kashi 15 a 2022.

Tseren karnuka

A watan Fabrairun 2015 shirin talabijin na Four Corners na tashar ABC ya nuna masu horar da karnuka suna amfani da dabbobi masu rai, kamar zomaye da 'ya'yan alade, a matsayin abin bi. Kwamitin bincike na tsohon alƙali Michael McHugh ya ƙiyasta cewa cikin shekara 12 an kashe karnuka tsakanin 48,891 da 68,448 saboda ba su da gudu ko ba su dace da tsere ba. A watan Yulin 2016 Firimiya Mike Baird ya sanar da haramta tseren baki ɗaya, majalisa kuma ta zartar da dokar. Mutanen karkara da wasu 'yan majalisar jam'iyyar National, abokiyar ƙawancen gwamnati, suka tayar da ƙayar baya, kuma a watan Oktoba Baird ya janye haramcin. Duk da haka jam'iyyar National ta rasa kujerar Orange a zaɓen cike gurbi na watan Nuwamba.

Dokar 2017 ta raba aikin gida biyu. Greyhound Racing NSW ta ci gaba da harkar kasuwanci, sabuwar hukumar da ta fara aiki a watan Yulin 2018 kuma ta karɓi rajistar karnuka, lafiyarsu da hukunta masu laifi. Dalilin rabawar shi ne binciken ya nuna hukumar da ke neman riba daga tsere ba ta iya sa wa kanta ido.

Taimako ga masu matsalar caca

Jihar tana da asusu na musamman, wanda gidajen caca ke zuba wa kuɗi, da ke ɗaukar nauyin bincike da ba da shawara kyauta a ƙarƙashin sunan GambleAware. Mutum yana iya sa hannu a hana shi shiga ɗakin caca na mashaya, kulob ko gidan caca. Daga watan Agustan 2023 akwai kuma rajistar ƙasa mai suna BetStop, wadda ke toshe mutum daga duk kamfanonin cacar intanet da na waya masu lasisi a Ostareliya, daga wata uku har zuwa tsawon rai. Daga watan Yulin 2024 wuraren da ke da izinin na'ura sama da 20 dole ne su ajiye jami'in da zai lura da alamun matsala a tsakanin 'yan caca a duk lokacin da na'urorin ke aiki.